Jaririn da Aka Ɓoye Ba Ya Shiga Lissafi

  Yau filin namu zai taɓo zancen da ba a cika yin shi a bainar jama'a ba, wato zancen jariran da ake haifa da wata naƙasa. Wani ya zo da tsagaggen leɓe, wani da murɗaɗɗiyar ƙafa, wani da ƙullutu a gadon baya, wani kuma kansa ya yi ta girma fiye da jikinsa. Duk wanda ya manyanta a karkara ya taɓa ganin irin haka, ko ya ji labari. Mai karanta wagga jarida, don Allah ya karanta ma waɗanda ba su iya ba, musamman mata da ungozomomi.

ƘUNGIYAR DA KE TARO KOWACE SHEKARA

A shekarar 1960, shekarar da Nijar ta samu ƴancin kai, wasu masana a Amurka suka kafa wata ƙungiya wadda ba ta da wani aiki sai binciken abin da ke naƙasa jariri tun yana ciki. Shugabanninta na farko su uku ne: Josef Warkany, da James Wilson, da Clarke Fraser na Kanada. Sun yi taronsu na farko a 1961 a birnin Sinsinati. Tun daga nan suke taruwa shekara-shekara, galibi wajen ƙarshen watan Yuni, lokacin da mu nan idonmu ke sama muna jiran ruwan shuka. A 2019 suka sake ma ƙungiyar suna, suka sa kalmar rigakafi a ciki, ta zama Ƙungiyar Bincike da Rigakafin Naƙasar Haihuwa. Akwai irinta a Japan, akwai kuma a Turai.

To, me ake yi a wurin taron? Lokotoron yara ya zo da lissafin jariran da ya gani a shekara. Mai binciken magunguna ya zo da abin da ya gwada a jikin ɓeraye da zomaye. Mai riƙe da rijistar haihuwa ya zo da lambobinsa. Kowa ya tashi ya faɗi abin da ya gani, sauran su yi mashi tambayoyi, su yi gardama. Abin da aka tabbatar sai a buga shi a mujallarsu, likitocin duniya su karanta.

Wani zai ce, ina ruwan Azagor da taron Amurka? Ga ruwanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace shekara jarirai kamar 240.000 ke mutuwa kafin su cika kwana 28 saboda naƙasar da aka haife su da ita. Ta ce kuma 9 cikin 10 na yaran da ake haifa da naƙasa mai tsanani, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaici suke. Ke nan masu taron suna can, yawancin yaran suna nan wajenmu.

ABIN DA HAƊA LISSAFI YA TONA

Naƙasa iri ɗaya ba ta cika yawa a gari ɗaya ba. Ungozoma sai ta shekara goma ba ta ga biyu iri ɗaya ba. Lokotoro ɗaya ma haka. Sai an haɗa abin da mutane da yawa suka gani kafin a gane inda matsalar ta fito. Ga misalai huɗu.

Na farko. A 1941, a Ostireliya, wani lokotoron ido mai suna Norman Gregg ya lura ana ta kawo mashi jarirai masu yana a ido tun daga haihuwa. Ya tambayi abokan aikinsa, suka haɗa yara 78. Da aka bincika, uwayen 68 daga cikinsu sun yi wani ciwo mai kama da ƙyanda, ana ce mashi rubela, a farkon cikinsu. Ciwo ne marar tsanani ga uwa, ƴan ƙuraje da ɗan zazzaɓi, amma yana taɓa idon ɗan tayi da kunnensa da zuciyarsa. Daga baya, a 1969, aka samu allurar rigakafinsa.

Na biyu. A 1957 aka fara sayar da wani magani mai suna talidomid a Jamus ta Yamma. Maganin barci ne, mata masu ciki kuma suna shan shi don laulayi. Ko takardar likita ba a nema kafin a saya. Sai aka fara haihuwar jarirai masu guntayen hannuwa da ƙafafu, wasu babu su sam. Kowane asibiti yana ganin ɗaya ko biyu, yana cewa ƙaddara ce. Wani lokotoron yara a Hambog, Widukind Lenz, ya bi gida-gida yana tambayar uwaye abin da suka sha. A watan Nuwamba 1961 ya tashi a wani taron likitocin yara ya faɗi abin da yake zato, kafin watan ya ƙare aka janye maganin daga kasuwar Jamus. Amma kafin nan yara wajen 10.000 sun naƙasa a ƙasashe da dama. A Amurka, wata ma'aikaciyar gwamnati mai suna Frances Kelsey ta ƙi sa hannu a ba maganin izini, ta ce hujjar da aka kawo mata ba ta isa ba. Taurin kanta ya tsirar da yara da yawa.

Na uku, wanga na makiyaya ne. A shekarun 1950, a jihar Idaho ta Amurka, tumaki suka yi ta haihuwar ƴaƴa masu ido ɗaya a tsakiyar goshi. Masu tumakin sun ji kunya, suna tsoron a ce irinsu ne ya lalace. Masana suka bi garkunan har kan tuddai, shekara da shekaru, sai suka gano wani haki ne da tumakin ke ci. Abin mamaki, in tunkiya ta ci hakin a kwana na 14 bayan barbara, sai ɗan ya zo da ido ɗaya. Da aka gane, sai aka daina kai tumaki masu sabon ciki wurin da hakin yake. Makiyayanmu Buzaye da Fulani sun fi kowa sanin cewa abin da uwa ta ci yana nunawa a jikin ɗa.

Na huɗu. A 1982, a birnin Liyon na Faransa, wata likita mai suna Elisabeth Robert tana riƙe da rijistar jariran da aka haifa da naƙasa a jaharsu. Da ta duba rijistar, sai ta ga uwaye masu shan wani maganin farfaɗiya, wanda ake sayarwa da sunan Dépakine, sun fi sauran haihuwar yara masu buɗaɗɗen ƙashin baya. Rijista ce kawai ta nuna mata. Da ba a rubuta ba, da ba a gane ba.

Ku duba, duka huɗun hanyarsu ɗaya: an gani, an tambaya, an rubuta, an taru an gwada lissafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

TUN RAN GINI, RAN ZANE

Babban darasin da masanan suka koya mana shi ne na lokaci. Gaɓoɓin jariri ana ƙera su ne cikin wata biyu na farkon ciki. Lakar baya da ƙwaƙwalwa suna farawa kamar tabarma da ake naɗewa, kuma naɗin yana rufewa wajen kwana 28 da shigar ciki. A lokacin nan mace da ƙyar ta tabbatar ta yi ɓatan wata. In naɗin bai rufe ba ta ƙasa, sai yaro ya zo da ƙullutu a baya, sau da yawa ƙafafunsa ba sa motsi, ba ya riƙe fitsari, ruwa kuma ya taru mashi a kai. In bai rufe ba ta sama, jaririn ba ya rayuwa.

A 1991 wani babban bincike da aka shirya daga Ingila ya nuna cewa wani bitamin, asid folik, yana hana wagga naƙasa. Matan da suka taɓa haihuwar irin wanga yaro, da aka ba su bitamin ɗin tun kafin su sake ɗaukar ciki, haɗarin ya ragu da kamar kashi 70 cikin 100. A 1992 wani binciken a Hangari ya nuna yana kare har matan da ba su taɓa haihuwar irinsa ba. Daga 1998 Amurka ta tilasta zuba shi cikin garin alkama, ƙasashe da yawa suka bi. Mu kuwa hatsi muke dakawa a turmi, ba mai zuba mana kome a ciki.

Wanga bitamin ba baƙo ba ne a wurinmu. Yana cikin jajayen ƙwayoyin nan na ƙarin jini da ake ba mata a wurin awon ciki. Matsalar ita ce, matanmu ba sa zuwa awo sai ciki ya fito, wata huɗu ko biyar. Ga ƙarin jini, ƙwayar tana da amfani har lokacin, a ci gaba da sha. Amma ga ƙashin bayan jariri, an riga an makara.

ABIN DA AKA GANI A YAMAI

Likitocinmu na Nijar ma sun yi nasu lissafi. A 2001, Samuila Sanoussi, lokotoron aikin kai da laka a Yamai, shi da abokan aikinsa, suka buga rahoton yara 387 masu wagga naƙasa ta laka da suka gani cikin shekara 10. A kan rahoton suka yi kira da a riƙa ba mata asid folik tun gabanin ɗaukar ciki.

Ku tsaya ku yi tunani a kan 387 ɗin nan. Waɗanga su ne suka isa Yamai. Daga Dakoro zuwa Maraɗi ya fi kilomita 100, daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi 600. Wanda aka haifa a ruga ko a zango arewa da mu, ya rasu kafin suna, wa ya ƙidaya shi? Wanda aka ɓoye a ƙuryar ɗaki fa?

Domin gaskiya ɓoyewa muke yi. In aka haifi irin wanga yaro, sai a rufe ƙofa, a hana ƴan barka gani. Wasu su ce iskoki ne suka musanya shi. Wasu su ce mayya ce ta kama. Wasu su ce uwar ce ta fita da tsakar rana ko da almuru, ko ta yi ma wani mai naƙasa dariya. Ƙarshenta laifin duk a kan mace yake faɗawa. Ta sha wahalar ciki, ta sha ta naƙuda, sannan ta sha gorin kishiya da na dangin miji. Akwai wadda aurenta ke mutuwa a kan haka. Su kansu masanan da ke taro sama da shekara 60 sun ce kusan rabin naƙasar haihuwa ba a kai ga gano dalilinta ba tukuna. To in su da na'urorinsu ba su ɗora laifi a kan kowa ba, mu da wace hujja za mu ɗora ma ƴar mutane? Allah ne mai halitta, shi ya ba da ɗan, shi kuma ya ba ɗan Adam basirar neman magani. Yarda da ƙaddara ba ta hana zuwa gidan likita.

KAFIN CIKI DA LOKACIN CIKI

1. Amarya, ko macen da ta yaye tana sa ran wani ciki, ta je gidan likita ta nemi ƙwayar asid folik tun kafin ɓatan wata. Maigida, kai za ka ba da izini, kai za ka ba da kuɗin hanya. Wadda ta taɓa haihuwar yaro mai ƙullutu a baya ta faɗa ma likita, domin nata awon ya fi na sauran yawa.

2. Da an yi ɓatan wata a fara awo. Kunyar cikin fari al'adarmu ce, amma sashfam ba surukuwa ba ce, kuma ba ta yin shela.

3. A ci wake da gujiya da ganye, irin su zogale da alayyafo da rama, suna ɗauke da wanga bitamin. Kada a dafa ganye har ya mutu, kada a zubar da ruwansa duka. Abinci yana taimakawa, amma ba ya maye gurbin ƙwayar.

4. Mace mai ciki, ko mai zaton tana da shi, kada ta sayi ƙwaya wajen masu tallar magani a kasuwa. Mai talla bai san abin da ke cikin kwalinsa ba, bai kuma san kwanan cikinki ba. Ku tuna da talidomid. Jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba, su ma a yi hattara.

5. Mai farfaɗiya kada ta daina shan maganinta da kanta, faɗuwa da ciki haɗari ne babba. Ta ga lokotoro tun kafin ciki, shi zai duba ko a sauya mata wani. Mai ciwon sukari ma haka.

6. A yi miya da gishiri mai sinadarin iyod, a ajiye shi a rufe, nesa da rana da damshi. Rashin iyod shi ke kawo maƙoƙo ga uwa, ya kuma dakushe ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki.

7. Masu shirin aure, musamman auren zumunci, su yi gwajin jini na sikila. Sani kafin ɗaurin aure ya fi nadama bayan suna.

IN AN RIGA AN HAIFE SHI

Ungozoma ta duba jariri tun daga kai har ƙafa ranar haihuwa: baki da ganda, gadon baya, ƙafafu, da mafitar kashi. Jaririn da ya kwana biyu bai yi kashi ba, cikinsa na kumbura, a kai shi nan da nan.

Murɗaɗɗiyar ƙafa tana samun kamar jariri 1 cikin 1.000. Wani lokotoro ɗan asalin Sifen da ya yi aiki a Amurka, Ignacio Ponseti, ya fito da hanyar gyara ta ba tare da babban aiki ba. Ana lanƙwasa ƙafar a hankali, a ɗaure ta da filasta, a sake kowane mako, kamar sau 5 ko 6. Sau da yawa a ɗan tsaga jijiyar dunduniya. Daga nan yaro ya sa wasu takalma masu sanda a tsakani, dare da rana wata 3, sannan da dare kawai har ya shekara 4 ko 5. In aka fara cikin makonnin farko, yaro zai yi tafiya, ya yi gudu, ya bi garke kamar kowa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyayen da suka jefar da takalman don sun ga ƙafa ta miƙe, sai ta sake murɗewa.

Tsagaggen leɓe ana ɗinke shi, galibi bayan yaro ya yi ƴan watanni ya yi ƙwari. Abin da ke kashe irin waɗanga yara yunwa ce, domin ba sa iya kama nono da kyau. A zaunar da shi tsaye-tsaye in za a ba shi. In ya kasa tsotso, uwa ta tatsa ta ba shi da cokali ko ƙaramin kofi mai tsabta, kaɗan-kaɗan, sau da yawa.

Ƙullutun baya kuwa, kada wanzami ya taɓa shi. Ba ƙurji ba ne, laka ce a ciki. Kada a shafa toka ko sassaƙe ko man shanu. A rufe da ƙyalle mai tsabta, a kwantar da yaro rub da ciki ko ta gefe, a nufi gidan likita ranar nan.

Hanya ita ce, daga gidan likitan da ya fi kusa zuwa asibitin Dakoro, su kuma su ba da takarda zuwa Maraɗi ko Yamai. A Yamai akwai asibitin yara na CURE da aka buɗe a 2010, inda ake gyaran ƙafa da ɗinkin leɓe. Tafiyar da nisa, kuɗin mota da nauyi. Amma dangin da ke iya haɗa ragon suna da goro, za su iya haɗa kuɗin mota.

MU MA MU YI NAMU TARON

Ga shawarar da nake kawowa, kuma ta shafi ɗalibanmu na yaƙi da jahilci kai tsaye. Abin da masanan can suka fi mu da shi tun farko, rubutu ne da haɗuwa. Yau a garuruwanmu akwai maza da mata da suka iya rubuta Hausa, wasu Tamajak, wasu Fulatanci. Kaye guda da bik guda sun isa.

Kowane gari ko zango a samu mutum ɗaya amintacce, in mace ce ya fi, ta zauna da ungozoma. Duk haihuwar da aka yi a rubuta: ranar, namiji ko mace, da rai ko babu, lafiya lau ko da wata naƙasa, kuma wace iri. In da naƙasa, a tambayi uwar cikin mutunci: ta yi zazzaɓi ko ƙuraje a farkon ciki? Wane magani ta sha? Wata nawa ta fara awo? A rubuta har na masu lafiya, domin in ba a san yawan haihuwa duka ba, lissafin bai da ma'ana. Kayen amana ne, ba a karanta sunan kowa a dandali.

Sannan sau ɗaya a shekara, bayan kaka, lokacin da hatsi ya shiga rumbu, makiyaya kuma suka dawo kusa da rijiyoyi, masu kaye da ungozomomi su taru a gidan likita tare da majo da sashfam. A haɗa lambobin, a ga wane yaro ne aka kai asibiti, wane ne har yanzu yake ɗaki, me ya hana. Majo ya aika da sakamakon Dakoro. Ranar da za mu nemi a kawo mana ƙwayar asid folik isasshiya, ko a koya ma wani likita na kusa ɗaurin ƙafa, za a tambaye mu yara nawa ne. Wanda ya zo da kaye a hannu ana saurarensa fiye da wanda ya ce suna da yawa.

Tun 2015 an ware ranar 3 ga watan Maris ta zama ranar tunawa da naƙasar haihuwa a duniya. Hakimai da limamai da shugabannin mata, ku yi amfani da ranar ku gaya ma jama'a cewa haihuwar irin wanga yaro ba abin kunya ba ne, kuma wanda ya yi ma uwarsa gori ya yi zalunci.

Mai tambaya ko ƙarin bayani ya rubuto ma jarida, ko da ajami ne, za mu kai ma ma'aikatan lafiya su ba da amsa a wanga fili. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuri'a. Sai wata mai zuwa.

Naku, malamin yaƙi da jahilci, Azagor.